Marigayi Dokta Mahmud Modibbo Tukur (1944-1988): Malamin Da Ya Sa Takardun Turawa Suka Ba Da Shaida A Kansu

Kamar yadda aka saba, wannan mujalla tamu takan keɓe shafi domin tunawa da magabatan da suka yi wa ilimi hidima suka riga mu gidan gaskiya. A wannan fitowa na zaɓi in kawo muku tarihin wani malamin jami'a wanda a Zariya ya yi aikinsa, amma abin da ya bincika ya shafi kowane gida a Malisa da Gwandu da Kalgo da sauran garuruwanmu. Wannan malami shi ne marigayi Dokta Mahmud Modibbo Tukur, na Sashen Tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello. Ni kaina ina cikin ɗimbin ɗaliban da suka ratsa wannan sashe a farkon shekarun 1980, kuma tarihi na koyar har na yi ritaya, saboda haka ina ganin akwai hakkinsa a wuyana.

Kafin in yi nisa, bari in warware wani ruɗani da akan samu. Akwai wani Dokta Mahmud Tukur daban, wanda ya zama shugaban farko na Jami'ar Bayero ta Kano, ya kuma riƙe muƙamin ministan ciniki da masana'antu a gwamnatin Janar Buhari ta soja, ya rasu a 2021. Sunansu ne ya zo ɗaya. Wanda nake magana a kansa masanin tarihi ne, an haife shi a 1944, ya rasu a 1988.

Gidan Da Ya Yi Aiki

Duk wanda aka haifa a 1944 ya buɗe ido ne ya ga Razdan da Di'o da idonsa, ya ga dogarai da 'yan doka, ya ga yadda gari kan tashi tsaye in an ce Bature zai zo rangadi. Yana ɗan shekara 16 aka ba Nijeriya mulkin kai. Wato mulkin da ya zo ya bincika daga baya ba labari ya ji ba, a cikinsa ya tashi.

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, kuma wanda ya kafa Sashen Tarihi a cikinta shi ne Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya taso daga Jami'ar Ibadan, ya musulunta, ya zama ɗan ƙasa, ya rasu a 1984. Shi ne kuma ya kafa cibiyar bincike ta Gidan Arewa a Kaduna a 1970, a gidan da Sardauna ya zauna. Tarbiyyar da ya dasa a sashen ita ce kada ɗalibi ya karɓi magana don kawai an buga ta a littafi. Sai ya tambayi wanda ya rubuta ta, da wanda aka rubuta wa, da amfanin da marubucin ke nema. A kan wannan turba Dokta Yusufu Bala Usman ya rubuta kundinsa a kan tarihin Katsina a 1974, wasu kuma suka ɗauki Borno da Adamawa da Zazzau da Kabi. Yawancinsu sun fi mai da hankali ga zamanin da ya gabaci zuwan Turawa, inda suka dogara ga rubuce-rubucen Larabci da bakin dattawa. Dokta Mahmud shi kuwa sai ya fuskanci zamanin Turawan kansa, ya kuma zaɓi ya yi aiki da takardun da su Turawan suka rubuta da hannunsu. A wannan sashe ya koyar, har ya kai ga shugabancinsa.

Abin Da Muka Haddace A Aji

'Yan ajinmu za su tuna yadda muka haddace labarin Gwamna Lugga domin jarrabawar fita. Abubuwa huɗu ne ginshiƙansa. Na farko, wai talakawan Arewa sun gaji da zaluncin masu mulki, saboda haka suka yi maraba da Turawa. Na biyu, wai an ci ƙasar cikin sauƙi ba tare da zubar da jini mai yawa ba. Na uku, wai Turawa sun bar sarakuna da ikonsu, Razdan mai ba da shawara ne kawai, abin da ake kira mulki a kaikaice. Na huɗu, wai sun hana bauta, sun kuma sauƙaƙe wa talaka haraji.

Malamanmu, Allah ya saka musu da alheri, sun koyar da abin da manhaja ta zo da shi, da littattafan da aka kawo musu. Asalin labarin kuwa daga bakin masu mulkin ya fito: rahotannin shekara-shekara da Lugga ya aika London, da littafinsa The Dual Mandate na 1922, da rubuce-rubucen Margery Perham ta Jami'ar Oxford, wadda ta buga littafi a kan mulkin En'e a 1937, daga baya kuma ta rubuta tarihin rayuwar Lugga. Wato wanda ake tuhuma shi ne mai ba da shaida, shi ne kuma alƙali. Akwai waɗanda suka fara taɓa wannan gini kafin Dokta Mahmud, kamar Farfesa R. A. Adeleye na Ibadan, wanda littafinsa na 1971 ya bi diddigin yadda Daular Usmaniyya ta fuskanci Turawa har zuwa 1906. Amma ginshiƙan nan huɗu suna nan tsaye a makarantu lokacin da muke ɗalibai.

Kundin 1979

A shekarar 1979 Dokta Mahmud ya kammala kundin digirinsa na uku a kan yadda Ingila ta ƙaƙaba mulkinta a kan Daular Usmaniyya da Borno da ƙasashen da ke maƙwabtaka da su, daga 1897 zuwa 1914. Tun a sunan kundin ya bayyana cewa aikinsa shi ne sake karanta takardun mulkin mallaka da sabon ido.

Don a gane hikimar wannan, sai a san yadda takarda ke tafiya a wancan zamani. Ƙaramin jami'in da ke rangadi yakan rubuta wa Razdan abin da ya gani: garin da ya ƙi biyan haraji, ƙauyen da aka ƙona, hakimin da ya yi gardama, mutanen da suka gudu suka bar gonakinsu. Razdan ya tace ya aika Zungeru, inda hedkwatar Arewa take a lokacin. Gwamna kuma ya sake tacewa ya aika London, inda ake bugawa jama'a su karanta. Kowane hawa aka hau, labari sai ya ƙara kyau. Waɗanda suka rubuta littattafanmu daga saman tsanin suka ɗebo. Amma takardun ƙasan tsanin ba su ɓace ba, suna nan jibge a ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, fayil-fayil, lardi-lardi, har da na Lardin Sakkwato wanda ƙasarmu take ciki. Su Dokta Mahmud ya bi ya karanta, ya gwama abin da Bature ya faɗa wa duniya da abin da ya faɗa wa ɗan uwansa Bature. Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Ba wanda zai ce masa ya dogara ga tatsuniyar tsofaffi ko ƙiyayyar 'yan siyasa, domin shaidunsa su ne Razdan-Razdan ɗin da kansu.

Shekarar da ya fara da ita, 1897, ta shafe mu kai tsaye. A farkon wannan shekara ne sojojin kamfanin Turawa na Royal Niger suka ci Bidda da Ilori. Waɗannan masarautu biyu kuwa a ƙarƙashin Gwandu suke, tun rabon da aka yi wa daular inda yammacinta ya faɗa hannun Malam Abdullahi ɗan Fodiyo. Ashe ke nan ta ɓangaren Gwandu aka fara gutsurar daular, shekara shida kafin a iso Sakkwato. Shekarar da ya tsaya kuwa, 1914, ita ce wadda aka haɗe Arewa da Kudu.

Maraba Ko Turjiya

Abu na farko da binciken ya rushe shi ne batun maraba da sauƙin ci. Ku duba jerin da kanku. An ci Kwantagora da Bidda da yaƙi a 1901. An ci Yola a watan Satumba na wannan shekara, Lamiɗo Zubairu ya fita bai miƙa wuya ba. Bauci ta faɗi a 1902. An fasa Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, aka kuma yi karon Kwatarkwashi inda Wazirin Kano Ahmadu ya rasu. An ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas, talakawa suka riƙa barin garuruwansu suna bin sa, har aka tarar da shi a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, inda ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa. In da talaka maraba yake yi da Nasara, me zai sa ya bar gonarsa da damina a bakin ƙofa ya bi sarkin da aka kora?

Sa'an nan ga Satiru, ƙauyen da ke kudu da Sakkwato, tafiyar da ba ta kai yini ba. Ranar 14 ga Fabrairu 1906 mutanen wannan ƙauye, manoma da bayin da suka gudo, da gatura da fartanya da kwari da baka, suka karya rundunar da aka tura musu, suka kashe Turawa 3 da sojoji 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Ranar 10 ga Maris aka komo musu da babbar runduna, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin, ba a sake zama a cikinsa ba. A watan Afrilu na wannan shekara aka faɗa wa Haɗeja, aka kashe sarkinta Muhammadu. Wannan shi ne abin da littattafanmu suka kira kwantar da tarzoma.

Wa Ke Riƙe Da Linzami

Abu na biyu shi ne batun ikon sarakuna. Dokta Mahmud ya nuna cewa jami'an Turawa suna nan tsundum cikin kowane lamari, ba a gefe suke suna ba da shawara ba. Shi kansa Lugga bai ɓoye wannan ba a farko. Ranar 21 ga Maris 1903, wajen naɗa Sarkin Musulmi Attahiru na biyu, ya shaida wa manyan Sakkwato cewa ikon naɗa sarki da tuɓe shi, da ikon aza haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Ingila saboda ta ci su da yaƙi. Aka kuma aikata haka. Sarkin Zazzau Kwasau da Sarkin Kano Alu a Lakwaja suka ƙare rayuwarsu. A Katsina an tuɓe Abubakar, aka tuɓe Yero a 1906, aka naɗa Muhammadu Dikko.

Mu kuwa ba sai mun je nesa neman misali ba. Gwandu ba ta yi yaƙi da Turawa a 1903 ba, amma wannan bai tsirar da ita ba. Masarautun da take naɗa wa sarakuna, irin su Nufe da Ilori, aka raba ta da su. Ƙasashenta na yamma, wajen Sayi da Liftako, suka faɗa hannun Faransa. Bayan Satiru kuma, a 1906, aka tuɓe Sarkin Gwandu Muhammadu Bashiru bisa zargin yana da hannu ko yana goyon baya, aka naɗa Haliru Abdu. A zamanin Turawa ne kuma fadar ta tabbata a Birnin Kebbi, garin Gwandu ya zama gundumar hakimi. Tsarin gunduma-gunduma da muka tashi muka tarar, har muke ɗauka tun fil'azal haka yake, shi ma a waɗannan shekaru aka yanka shi: aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da kowa a gundumarsa, aka soke jakadu, aka kafa Baitulmali, aka yanka wa sarki albashi. Sarkin da wani ke naɗa shi, yake iya tuɓe shi, yake kuma biyansa a ƙarshen wata, kowa ya san a hannun wa linzaminsa yake, ko da kuwa rawani da alkyabba da tambari suna nan yadda aka gada.

Haraji, Yunwa Da Makaranta

Abu na uku shi ne haraji, kuma a nan ne na fi jin aikin nasa a jikina. Binciken ya nuna harajin Turawa ya fi na da nauyi, an kuma fi tsananta karɓarsa. Dalilin a fili yake. An ƙidaya mutane, an ƙidaya shanu domin jangali, an rubuta kowane ƙauye a littafi, saboda haka babu sauran wurin ɓuya. Daɗin daɗawa, sannu a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi da tufa, aka ce sai kuɗin Bature. Manomin da ba shi da sule dole ya fitar da geronsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ko ya noma abin da kamfani ke saye, ko ya tura ɗansa cin rani. Muna yara a Malisa mun tarar da dattawan da ke ba da labarin yadda magidanta kan kwana a daji in an ji masu karɓar haraji sun sauka, da yadda ake shanya wanda ya kasa biya a rana a ƙofar fada. A lokacin muna jin abin kamar hira ce ta tsofaffi, dabam da tarihin da ke cikin littafi. Da na karanta kundin Dokta Mahmud a Samaru sai na ga ashe abu ɗaya ne hirar tsofaffinmu da fayil ɗin Razdan suke faɗa, littafin makaranta ne ya fita dabam.

Game da bauta, dokar 1901 ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga watan Afrilu na wannan shekara, ta kuma hana kamu da ciniki, amma ba ta hana mutum riƙe bayin da yake da su ba. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. A tsakanin nan kuwa gwamnatin da ke cewa ta zo 'yanta bayi ita ce ke ɗibar mutane aikin tilas, na dako da na hanya da na shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911.

Abu na huɗu shi ne halin ko-in-kula da lafiyar jama'a da iliminsu. Damina ta ƙi a 1913, aka shiga babbar yunwa a 1914, wadda a wurare da dama ake kira Kakalaba. Dokta Mahmud ya nuna yadda mahukunta suka yi sakaci da rayukan mutane a lokutan yunwa da annoba. Ta fuskar ilimin boko kuma ya nuna an toshe wa talakawa ƙofa a yawancin Arewa. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 an yi ta ne musamman domin 'ya'yan sarakuna da malaman da za su yi wa En'e aiki, Kwalejin Katsina kuwa sai a farkon shekarun 1920 ta samu. Mu da muka zama na farko a gidajenmu da muka shiga sakandare, ya kamata mu san cewa jinkirin nan yana da tarihi, ba ƙin karatu ne kawai na iyayenmu ba.

Wani daga cikinku zai iya tsayar da ni a nan, ya tuna mini cewa kafin zuwan Turawa ƙasarmu ba cikin kwanciyar hankali take ba. Gaskiya ne. Tun daga 1849, da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabawa, Gwandu da Argungu suna cikin yaƙi da hari da kamun bayi, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga. Kakanninmu sun ji daɗin ƙarewar wannan, babu shakka, kuma duk mai adalci zai faɗi haka. Yadda na fahimci aikin Dokta Mahmud, bai hana a faɗi wannan ba. Abin da ya hana shi ne a karɓi yabon da mai mulki ya yi wa kansa ba tare da an buɗe littafin lissafinsa an ga nawa aka biya, wa ya biya, wa kuma ya ci riba ba. Kuma kundin ya tsaya ne a 1914. Sauran shekara 46 na mulkin mallaka aiki ne da ya bar wa na baya.

Daga Aji Zuwa Fagen Gwagwarmaya

Mutumin da ya saba gwama maganar mai mulki da aikinsa a takardun 1906, da wuya ya rufe ido ga masu mulkin zamaninsa. An kafa ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa, ASUU, a 1978. Bayan Dokta Biodun Jeyifo, Dokta Mahmud ne ya shugabance ta daga 1982 zuwa 1986. A cikin waɗannan shekaru huɗu ya yi mu'amala da gwamnatoci uku: ta Alhaji Shehu Shagari, da ta Janar Buhari wadda ta karɓi mulki a ƙarshen Disamba 1983, da ta Janar Babangida daga Agusta 1985.

Lokaci ne na tsanani. Kuɗin man fetur ya faɗi, aka shiga tsuke bakin aljihu, aka riƙa korar ma'aikata, a 1984 kuma aka janye tallafin abincin ɗalibai a jami'o'i. Waɗanda suka ci abincin kafteriya da tikiti daga cikinmu sun san abin da wannan ke nufi ga ɗan talakan da ya fito daga Dalijan ko Kambaza ko Maruda. A ƙarƙashin shugabancinsa ƙungiyar ba ta tsaya ga albashin 'ya'yanta kaɗai ba. Ta shiga muhawara a kan tattalin arzikin ƙasa, ta fitar da takarda mai suna How to Save Nigeria a 1984, ta yi adawa da karɓar bashin Asusun Ba Da Lamuni na Duniya da sharuɗɗansa, ta kuma haɗa kai da ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC. Wannan haɗin kai tsakanin malamin jami'a da lebura bai yi wa gwamnati daɗi ba, har ta kafa doka a 1986 ta raba su.

Ranar 23 ga Mayu 1986 'yan sanda suka harbe ɗalibai a Samaru. Aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Manjo Janar Emmanuel Abisoye, kuma daga nan ne zargin nan ya yaɗu cewa wasu malamai suna koyar da abin da ba shi aka biya su su koyar ba. Kowa ya san sassan da ake nufi. A 1988 aka kori Dokta Patrick Wilmot, malamin nazarin zamantakewa a jami'ar, daga ƙasar. A wannan shekara kuma aka haramta ASUU bayan yajin aiki, lokacin Dokta Attahiru Jega, ɗan jiharmu, yana shugabancinta. A 1989 aka sallami Dokta Bala Usman daga aiki, sai kotu ce ta maido shi. Wannan shi ne yanayin da malaman tarihi na Zariya suka yi aiki a ciki, kuma sun san farashin abin da suke yi.

Rasuwarsa Da Abin Da Ya Bari

Allah ya karɓi ran Dokta Mahmud a 1988, yana da shekara 44, shekarun da malamin jami'a ke fara nuna. Abokan aikinsa suka tattara wasu rubuce-rubucensa a littafi mai suna The Essential Mahmud, wanda Dokta Tanimu Abubakar ya shirya. Babban kundin kuwa ya daɗe a kan kanta. Masu bincike na gida da na waje suna zuwa Zariya su karanta shi, suna ambatonsa a littattafansu, amma malamin sakandare a Kalgo ba shi da hanyar ganinsa. Sai a 2016, shekara 37 bayan rubuta shi, shekara 28 bayan rasuwar mai shi, wani kamfanin ɗab'i mai suna Amalion da ke Dakar ta ƙasar Sanagal ya buga shi da sunan British Colonisation of Northern Nigeria, 1897-1914. Wanda ya rubuta masa gabatarwa shi ne Farfesa Michael Watts na Jami'ar Kalifoniya a Amurka, wanda shi ma ya yi bincike a kan yunwa a ƙasar Hausa. Abin a yi tunani ne a ce aikin da aka yi a Zariya a kan Sakkwato da Gwandu da Kano sai da ya je Dakar kafin ya zama littafi.

Abin Da Ya Rage Gare Mu

A wajajen 2009 aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka ɗauki shekaru masu yawa kafin a maido shi. Akwai 'ya'yanmu da suka gama makaranta a wannan tsakani ba su taɓa jin sunan Satiru ko Burmi a aji ba, ba su kuma san dalilin da ya sa Sarkin Gwandu ke zaune a Birnin Kebbi ba. Yaron da bai san yadda aka yi wa kakansa lissafi ba, da sauƙi a yi masa irinsa.

Saboda haka ina kawo shawara uku ga shugabannin ƙungiyarmu. Ta farko, a cikin gudummawar da muke tarawa kowace shekara a ware abin da zai sayi kofe kaɗan na wannan littafi a ajiye a laburaren makarantarmu, a kuma ba malaman tarihi nasu. Ta biyu, waɗanda suka karanta tarihi daga cikinmu su haɗu su taƙaita babukan da suka shafi Lardin Sakkwato cikin Hausa mai sauƙi, domin ɗalibai da iyayensu. Ta uku, a sa ɗaliban babbar sakandare, in sun je hutu, su zauna da dattawan garuruwansu su rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da haraji da jangali da aikin tilas da shekarun yunwa. Waɗanda suka ga Di'o da idonsu suna ƙarewa, kuma abin da ke cikin kansu babu shi a fayil ɗin Kaduna. In an haɗa nasu da na takarda, an ci gaba da aikin da Dokta Mahmud ya fara ke nan.

Ga malamanmu da ke raye, muna gode muku, domin ku kuka koya mana karatun da ya kai mu ga irin waɗannan littattafai. Waɗanda suka rasu daga cikinku da cikinmu, Allah ya gafarta musu. Allah ya jiƙan Dokta Mahmud Modibbo Tukur, ya sa ilimin da ya bari ya zama sadaka mai gudana a gare shi, ya kyautata namu zuwan. Amin.